Ranar da Na Cire Takardun Innarku

Ku ukun nan, Maryama da Idrisu da Binta, saboda wannan babin na sayi littafin nan tun farko. Duk abin da na rubuta a baya, labarin kakanku da ya zo Garwa da fataucin goro da yadda na shiga garejin babura, zagaye nake yi don in jinkirta isowa nan. Maryama, ke ce 'yar fari, kin san bakina bai taɓa kiran sunanki ba, Babba nake ce miki kamar yadda aka saba a gidanmu. Yau hannuna ya rubuta shi, domin maganar taki ce fiye da ta kowa. Shekara bakwai ke nan ba ki gaida Kawunku Hamadu ba, saboda kin ɗauka shi ya goge rubutun da Innarku ta bar mini a cikin kwamfuta. Ba shi ba ne, ni ne. Zan faɗi yadda abin ya faru daki-daki, ba don in wanke kaina ba, sai don ku san abin da kawunku ya ɗauka a madadina.

Sai kun fara sanin yadda muke aiki a gareji, in ba haka ba ba za ku gane irin wautar da na yi ba. Idan ɗan kilando, wato mai haya da babur, ya sayi sabon babur, kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya wurinmu yake kawo shi. Masu ƙera shi sun haɗa shi don wani mutum da ba mu sani ba, a wata ƙasa mai titi sumul. Mu kuwa sai mu rage masa kaya don titin Garwa. Mu cire murfin sarka, mu cire ƙarfen kare ƙafa, da robobin ado, da kwandon gaba, duk abin da ke ƙara nauyi ko yake ƙara a kan gargada. Amma ba na zubar da ko noti ɗaya. Kayan kowane babur buhunsu daban, in ɗaure bakin buhun da tsumma mai launi, tunda a lokacin ban iya rubuta suna ba. Bayan shekara biyu ko uku, in mai babur zai sayar, sai ya zo in sauko da buhunsa in mayar masa da komai inda yake. Shekara talatin ina wannan. A wurina, cirewa ajiya ce. Ban san akwai wata irin cirewa ba.

Innarku Dije 'yar garin Gidar ce, ta yi makaranta har ta koyi buga takardu. A ɗan shagon da ke jikin zaurenmu take aiki, da tsohuwar kwamfutar nan ta gwanjo, mai baƙin akwati a ƙarƙashin tebur. Mutane suna zuwa ta buga musu takardar neman aiki, ko koke zuwa ofis, ko yarjejeniyar fili, duk da Faransanci. Ni kuwa ko sunana ban iya ganewa ba. Shekara ashirin tana tsokanata a kan haka.

"Malam, cikin injin babur ka san shi kamar cikin aljihunka, amma 'yan haruffa sun gagare ka?"

"Ina da ke, me zan yi da haruffa?"

"In ba ni fa?"

Dariya nake yi in fita. Ban taɓa ɗaukar tambayar a matsayin tambaya ba.

Da ciwon cikin nan ya kwantar da ita, ta daina karɓar aiki, amma ba ta daina zama gaban kwamfutar ba. Da hantsi takan sa a kai ta kujera, a sa mata matashi a baya, ta yi ta danna madannai a hankali da yatsa ɗaya, ita da a da yatsunta ke gudu kamar ruwan sama a kan kwano. Wata rana ta kira ni ta nuna mini kusurwar allon. Akwai wasu 'yan takardu masu ruwan ɗorawa, ba na gaske ba, na cikin injin, irin waɗanda ake liƙawa don tunawa da abu. Ta jera su ɗaya bisa ɗaya, ta sama kaɗai ake gani.

"Waɗannan naka ne," in ji ta. "Da Hausa na rubuta, ba da Faransanci ba, don kada ka sami hujja."

"Ki faɗa mini da baki mana, ga ni ga ki."

"Da baki na yi shekara ashirin ina faɗa maka abubuwa, kana cewa to, to, kana goge hannu. Wannan karon sai ka sha wuya kafin ka ji."

Sai ta kira ki, Maryama, ta sa ki yi mata alkawari ba za ki ɗaga su ba, ba kuma za ki karanta mini ko da na roƙe ki ba. Ta ce ta saman nan ma da ba ta ɓoyuwa, ki riƙa kau da ido. Kin yi alkawarin kina kuka, ita kuwa tana yi miki dariya tana cewa ai ba yau za ta tafi ba. A daminar nan ta rasu, lokacin da kogin Binuwai ya cika ya haura gonakin bakin gaɓa.

Bayan sadakar arba'in na shiga ajin manya na Malam Garba, tsohon malamin makaranta da ke koyar da karatu a zauren unguwa bayan la'asar. Mafi yawa mata ne masu sayar da kifi, sai ni, sai Bitrus, wani mutumin kan dutse mai sayar da albasa a kasuwa, wanda muke zama benci ɗaya. Hannun da ya saba da sufana bai san tausayin fensir ba. A makon farko na karya uku, har Bitrus ya ce a ba ni ƙusa da allon ƙarfe a huta. Ba ni da saurin ɗauka, amma ba na fashi. Na yi wa kaina ƙa'ida cewa ba zan matsa kusa da takardun ba sai ranar da Malam Garba ya ce na iya karanta shafi guda ba tare da an taimake ni ba. Kowace safiya, in kin kunna injin, nakan tsaya daga bakin ƙofa in hango ɗan launin nan a kusurwa, in ce a raina, ki jira ni, ina tafe. Daga nan in wuce gareji. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ɗan launin shi ya riƙe ni a watannin nan.

Da bazara ta shigo, Maryama, kin riga kin karɓi aikin Innarki, injin kuwa ya fara nawa. Sai ki kunna shi, ki je ki ɗora shayi ki dawo, bai gama farkawa ba. Masu kawo aiki suka fara gajiya suna wucewa wurin masu buga takardu na bakin kotu. Shi ya sa kika kira kawunku. Idrisu da Binta, ku kuna ƙanana a lokacin, bari in gaya muku ko wane ne shi a gidan nan. Hamadu ƙanen Innarku ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifiyarsu ta rasu a Gidar, Dije ta ɗauko shi, ya yi shekara biyar a ɗakin da Idrisu yake yanzu. Ita ta sa shi koyon gyaran waya da kwamfuta, har ya buɗe rumfarsa a kasuwa. Tsakanina da shi wasa ne irin na miji da ƙanen mata, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ranar da ya zo, ina tsakar gida ya ƙwala mini kira.

"Yaya Sale, zo ka ga babur ɗin da ya fi ƙarfinka!"

Na shigo na tsaya a bayansa. Ya ɗan dudduba, ya girgiza kai.

"Wannan ba ciwo gare ta ba, kaya ne suka yi mata yawa. Masu yin ta sun cika ta da abubuwan da ba wanda ya roƙa. Dubi nan. Wasan kati. Yanayin wani gari da ba mu taɓa zuwa ba. Labarai. Taswira. Har da wata mata da ke zaune tana jira a yi mata magana. Da an kunna, duk sai su tashi tare da ita suna shan ƙarfinta."

"Ashe irin aikinmu ne," na ce.

"Irin naku ne, sai dai mu ba ma wanka da baƙin mai."

Ni da ido na koyi sana'ata. Ba wanda ya taɓa yi mini bayani, kallo nake yi sau ɗaya in riƙe. Haka na tsaya na kalli hannunsa. Ya kama linzami, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur don nuna wuri a allo, ya kai shi kusurwar ƙasa ta hagu, ya danna wata alama mai kama da farantin haƙora da sarkar babur ke hawa. Wani dogon jeri ya fito, kowane abu da ɗan hotonsa a gefe. Ya zaɓi ɗaya, ya danna, wani ɗan akwati ya fito da rubutu layi biyu, ya sake dannawa, abin ya ɓace. Wasu kuwa sun ƙi ciruwa, ya ce waɗannan kamar ƙashin babur ne, walda aka yi musu, sai a bar su. Da ya iso kan wani ɗan hoto mai ruwan ɗorawa, hannunsa ya tsaya. Wasan ya bar fuskarsa.

"Wannan ta Yaya Dije ce," in ji shi a hankali. "Mu bar ta."

Ya wuce. Can na tambaye shi abin da kowane bakanike zai tambaya.

"Waɗanda ka cire ɗin nan, in an so su fa?"

"A mayar. Kafin shayi ya huce na dawo da su."

Bai yi mini ƙarya ba. Ni ne ban yi tambaya ta biyu ba, ko abin yana dawowa da abin da aka zuba a cikinsa. Ban san akwai tambayar ba. Kwandon babur in ka cire shi ka mayar, kwando ne. Injin ya yi sauƙi, Maryama ta yi murna, Hamadu ya ci tuwo a nan ya tafi yana cewa in na gama da ajin Malam Garba zai ɗauke ni yaron shago.

Kwana biyu bayan haka na dawo gida da hantsi ɗaukar wani buhun kaya. Na tarar da wani dillalin shanu a shagon, ya kawo a buga masa takarda, ya tsaya a bayanki, Maryama, yana leƙen allo. Mutumin ya yi makaranta a Najeriya, ya iya karatun Hausa. Ina shigowa na ji muryarsa, da ƙarfi, yana ja kamar mai shela.

"Bakanikena, in ka karanta wannan da idonka, ba da bakin wani ba, to ka ɗaga ta, akwai wata a ƙasa." Ya kwashe da dariya. "Kai! Wace ce mai bakanike? 'Yan mata, ke ce?"

Kin sa hannu kin rufe kusurwar, amma ya riga ya gama. Ba ki gan ni ba, na juya na fita ban ɗauki buhun ba. Wata biyar ina karya fensir don in kai ga wannan layin da idona, ga shi na ji shi daga bakin mutumin da bai san ta ba, yana dariya, goro a haƙoransa. Na zauna a gareji ban taɓa aiki ba. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: kowa a garin nan yana iya karanta abin da matata ta rubuta mini, sai ni. Yau an karanta ta sama. Gobe wani zai ja linzami da wasa ya ɗaga ta biyu.

Da azahar kika tafi da ƙannenki gaisuwar rasuwa a wata unguwa. Na dawo gida, na goge hannu da tsumma sama-sama, na shiga shagon na kunna injin. Ba da fushi na yi ba, wannan nake so ku sani. Da natsuwa na yi, irin natsuwar da nake ɗaure bakin buhu. Na ce zan sauke su daga allon in ajiye, ranar da na iya karatu in ce Hamadu ya mayar, kafin shayi ya huce. Na kai linzami kusurwar ƙasa. Na sami farantin haƙora. Jerin ya fito, na gangara a hankali har na ga ɗan hoton. Na danna. Akwatin nan ya fito da layinsa biyu na Faransanci. Na tsaya na dube su. Na gane wasu haruffa ɗaya ɗaya, kamar yadda kake gane fuskoki a kasuwa ba ka san me suke tattaunawa ba. Sai na danna inda na ga Hamadu yana dannawa. Kusurwar ta zama fili. Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne sanyin da na ji a raina. Na kashe injin, na tafi aji, ranar ma har Malam Garba ya yaba mini.

Washegari da safe na ji ihunki daga shago. Kafin in iso kin riga kin kira kawunku a waya. Da na faɗa a lokacin, da komai ya zo da sauƙi. Amma na ce a raina bari ya zo ya mayar tukuna, sannan in faɗa ana dariya, in nuna masa bakanike ya ɗauke sana'arsa a zama ɗaya. Na tsaya jikin ƙofa hankalina kwance, har ina ce miki ki daina kuka, yanzu za su dawo. Hamadu ya iso a guje, ya haɗa wayarsa da injin, ya yi 'yan danne-danne. Gaskiyarsa, ko shayi bai isa hucewa ba, launin ya dawo kusurwa. Takarda ɗaya ce. Ba komai a kanta, sai wani ɗan siririn layi da ke ƙyaftawa yana jiran a yi rubutu.

"Sauran fa, Kawu?"

"Dakata."

Ya ɗaga ta, ba komai a ƙasa. Ya shiga nan, ya fita can, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya fi awa guda yana nema. Daga ƙarshe ya jingina da kujera, ya ɗaga hannunsa daga kan linzamin. Linzamin fari ne. A gefensa, inda babban yatsa ke zama, akwai tabon baƙin mai, da zanen yatsa a fili. Ya dubi tabon. Ya dubi hannuwana. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Sai na ga ya kama gefen rigarsa ya goge linzamin a hankali, kamar mai share ƙura.

"Kawu, ba wanda ya taɓa injin nan sai kai," kika ce. "Kai ka yi ta cire-cire."

"Ni ne," in ji shi. "Hannuna ne ya zame. Ki yafe mini."

"Ita ta raine ka! A gidan nan ka ci ka sha! Abu ɗaya ta bar wa Baba, ɗaya tak, shi ne ka sake binne ta? Kada ka ƙara taka gidan nan."

Ba na rubuta wannan don in kunyata ki. Shekararki goma sha tara, uwarki ba ta cika shekara a ƙasa ba, kuma ni kike karewa. Wanda ya kamata ya buɗe baki yana tsaye jikin ƙofa. Kalma biyu ce, ni ne, Hamadu ya faɗe ta ba da laifinsa ba, ni mai laifin na kasa. Na ji tsoron idonki. Na ji tsoron ki dube ni yadda kike dubansa. Ya ɗauki jakarsa, ya zo wucewa ta gabana, ya ce, "Sai an jima, Yaya Sale," ba tsokana a ciki. Ya tafi rumfarsa da faifan ajiyar injin, ya yi mako guda yana ƙoƙari, ya aiko maƙwabcinmu ya dawo da shi. Ba a sami ko harafi ba. Kafin damina ta sauka ya tattara kayansa ya koma Tuboro, inda yake gyara wa manoman auduga da fataken Chadi wayoyi.

Unguwa ta yi ta yabona. Ana cewa ku dubi Malam Sale, an yi masa wannan asara bai ko ɗaga murya ba. Har a masallaci aka yi misali da haƙurina. Ina jin su ina sunkuyar da kai, su kuma suna ɗauka tawali'u ne. Ku sani, abin da aka kira haƙuri a shekarun nan ba haƙuri ba ne, maɓoya ce. Da aka zo bikinki, Maryama, kawunki ya aiko da kaya daga Tuboro, kika ce a mayar ba a buɗe ba, ni na kai su tasha da hannuna. Wurin da kawun amarya ke zama ya kasance fili. Idrisu da Binta, ku kun tashi kuna jin sunansa a matsayin mutumin da ya goge rubutun Inna, ba ku san shi ne yake goya ku a wuya ya kai ku kallon dorinar ruwa a bakin gada ba. Kowace sallah nakan ce bana zan faɗa. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi, har ta zama sai an faɗi laifi biyu, na cirewa da na shiru.

Na daina zuwa aji bayan abin ya faru, don ban ga abin da ya rage in karanta ba. Malam Garba da Bitrus suka same ni a gareji. Malam bai yi mini wa'azi ba, ya ce kawai benci ya karkace tunda ba mai danne ɗaya gefen. Na koma. A shekara ta uku muka fara Faransanci. Wata rana da rana, gida ba kowa, na kunna injin, na bi hanyar nan da na sani, na zaɓi wani abu marar amfani na danna don akwatin ya fito. Na sa yatsa a ƙarƙashin layin, na bi shi kalma kalma. Cewa yake za a cire wannan abu tare da duk bayanan da ke cikinsa. Ashe injin bai yaudare ni ba. Ya tsayar da ni, ya faɗa mini a fili, ya jira amsata. Na tuna tambayar Innarku, in ba ni fa, sai a ranar na ba ta amsa, ba kuma wanda zai ji.

Watan jiya labari ya zo cewa ciwon suga ya taɓa ƙafar Hamadu, ba ya fita rumfa. Na ce muku zan je Tuboro sayen kayan babur, wannan ma ƙarya ce, ta ƙarshe in Allah ya so. Na same shi a kan tabarma a inuwar darbejiya, ya rame, kuma da ya rame sai fuskar Dije ta fito a tasa, har na kasa gaisawa da kyau. Ya gan ni ya yi murmushi.

"Yaya Sale. An ce yanzu har jarida kake karantawa. Duniya ta zo ƙarshe."

Na zauna. Sannan na tambaye shi abin da na yi shekara bakwai ina son tambaya.

"Hamadu, me ya sa ka ce kai ne?"

"Yaran nan sun rasa uwa," in ji shi. "Na dubi yarinyar na ga dole ta tsani wani ranar nan. Ana rayuwa ba kawu. Ba uba fa?"

"Zan gaya musu."

"Bar shi, ya wuce. Ka tayar da abin da ya kwanta don me?"

"Bai kwanta ba. Kai ne ka kwanta a kansa."

Ya kau da kai. Da zan tafi ya riƙe hannuna, ya juya shi yana duba baƙin man da ke cikin farcena, ya ce har yanzu ban koyi wanke hannu ba. Sannan ya tambaye ni, da ƙaramar murya, ko gaskiya ne Maryama ta haihu, kuma da wa yarinyar ta yi kama. Na ce Dije aka sa mata. Ya saki hannuna ya rufe fuskarsa da hularsa.

Abin da Innarku ta rubuta a ƙarƙashin takarda ta farko, ba wanda zai sani sai ranar da muka haɗu. Ko faɗa ne, ko wasa, ko wani abu da ta kasa faɗa da baki, na yi ta zato har na gaji. Wannan asarar tawa ce, ni na jawo ta, zan ɗauke ta har kabari. Amma kawunku ba ya cikin abin da na goge. Yana nan a Tuboro a ƙarƙashin darbejiya, ana iya zuwa a same shi.

Maryama, zan ba ki littafin nan ranar Alhamis, ki karanta wa ƙannenki da bakinki. Motar Tuboro tana tashi ranar Asabar da safe, na kama kujera biyu. In bayan kin karanta ba ki son zama kusa da ni, na fahimta, ki ba Idrisu tawa, ni zan tsaya a gida. Amma ki je, ki tafi masa da Dije ƙarama ya gan ta.